Gonar Amurka da ta karya kasuwar gujiya

Tambayi duk wani tsoho a Gazawa ko Cadawa abin da ya kashe gujiya, zai ce maka fari ne. Gaskiya ne, an sha farin 1973, cuta kuma ta ci gonaki a 1975. Amma tun kafin nan kasuwar ta fara rauni, kuma ciwon daga nesa ya taso.

A zamanin Turawa, Faransa tana sayen gujiyarmu da kuɗin da ya fi na kasuwar duniya. Da kaka sikeli ke cika kasuwanni tun daga Agye har Gidan Runji, alhazan Maraɗi da yawa kuma nan suka fara tara dukiya. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA don ta riƙe cinikin. To, a wannan shekarar ce ƙasashen Turai suka amince waken soya ya shiga kasuwarsu ba haraji, Amurka kuwa ita ce uwar nomansa. Kamfanoni irin su Cargill suka yi ta loda jirage. Mansa ya fi arha, dusarsa kuma ta ciyar da kaji da aladun Turai. Wajen 1967 Faransa ta janye farashin gatan.

Ka ga manominmu da hauyarsa, bai taɓa jin sunan Shikago ba, amma farashin da ake yankawa can yana taɓa na buhunsa. Ni a ganina ba mugunta ba ce, ƙarfi ne ya yi yawa. Yau a Cadawa aya ce ke shiga manyan motoci, gujiya ta koma hannun mata masu ƙuli-ƙuli.