Filin Jirgin Saman Madina da Cinikin Jakar Alhaji: Nauyin da Ba Ya Shiga Lissafin Muhalli

A 2015 aka buɗe sabon ginin Filin Jirgin Sama na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina, wanda gamayyar kamfanonin Tibah ta gina, ya kuma sami shaidar LEED mai darajar zinariya saboda tattalin ruwa da makamashi. Shaidar ginin kaɗai ta auna. Kayan da ke ratsawa ta cikinsa a jakunkunan matafiya ba su shiga ma'auninta ba.

Wannan ciniki ya girmi jirgin sama. Mahajjatan ƙasar Hausa da ke bi ta Chadi da Sudan sukan shekara da shekaru a hanya, suna noma da ƙodago da fatauci don su sami guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903 masu hijira suka ƙaru, wasu suka zauna a Mai Wurno, wasu suka ƙarasa Hijaz, kamar Alfa Hashim da ya zauna a Madina. Cikin zuriyar irin waɗannan baƙi, da ake kira Takari, akwai waɗanda suka rayu ba takardar zama, sai ƙananan sana'o'i.

Jigilar alhazai ta sama, wadda ta kankama daga Kano a shekarun 1950, ta mayar da tafiyar shekaru ta sa'o'i. Da darajar naira ta faɗi bayan shirin SAP na 1986, sai kujerar Hajji da Umara ta zama jari ga 'yan kasuwar da aka laƙaba wa suna Kano-Jidda, mata da yawa a cikinsu. Ana tafiya da goro, wanda hukumomin Saudiyya suka hana shiga da shi, a dawo da darduma, carbi, abaya, turare da kayan wasan yara. Galibin wannan tsaraba ba a Hijaz ake ƙera ta ba. Daga masana'antun Sin take zuwa ta ruwa, sannan a ɗora ta a jirgin sama, hanyar da ta fi kowace fitar da hayaƙi a kan kowane kilo. Da yake kayan matafiyi ne a takarda, ba ta bayyana a ƙididdigar fatauci, ledarta da robarta kuwa a magudanun Kano da Maraɗi suke ƙarewa.

Sai dai kuskure ne a ɗauki sana'ar bayan fage a matsayin ɓarna zalla. Shekaru da dama matan Afirka marasa takarda ne ke tsince kwali da gwangwani da roba daga bolar biranen Hijaz suna sayar wa dillalai, aikin da 'yan jari-bola ke yi a Kano. Sun rage abin da ake binnewa tun kafin a kafa Cibiyar Kula da Shara ta Ƙasa a 2019. Samamen da aka fara a Nuwamban 2013 kan baƙi marasa izini ya ɗauke su a matsayin masu laifi kawai, dokar shara ta 2021 kuma ta ɗora wannan aiki bisa lasisi, abin da marar takardar zama ba shi da hanyar samu.