George Goldie, Kamfanin Neja da Iyakar Illo

George Taubman Goldie shi ne ɗan kasuwar da kamfaninsa ya share wa Ingila hanyar mallakar ƙasashen bakin kogin Kwara, kuma rigimarsa da Faransa ce ta haifar da iyakar da ta raba ƙaramar hukumar Bagudo da Jamhuriyar Benin. An haife shi a 1846 a tsibirin Man, a gidan masu hannu da shuni. Mahaifinsa shi ne kakakin majalisar tsibirin. Ya yi makarantar soja ta Woolwich, ya shiga rundunar injiniyoyi, amma bai daɗe ba ya ajiye kaki ya nufi Masar, inda ya yi 'yan shekaru yana koyon Larabci da karanta labaran matafiya a kan ƙasar Hausa.

Ƙuruciyarsa ba ta yi wa dangi daɗi ba. A 1870 ya gudu zuwa Faris da Mathilda Elliot, malamar da ke koyar da yaran gidansu, yaƙin Faransa da Jamus ya rutsa da su a can. Sun yi aure a 1871, suka haifi ɗa da 'ya.

Ta hanyar surukuta ya shigo kasuwancin Afirka. Wani ƙaramin kamfani, Holland Jacques, wanda surukin ɗan'uwansa ke da hannu a ciki, ya kusa karyewa, sai dangi suka saye shi suka damƙa wa Goldie. Da ya zo Kwara a 1877, ya tarar kamfanonin Ingila suna ta ƙara wa juna kuɗin manja, riba tana zubewa. A 1879 ya haɗe su wuri guda, a 1884 ya saye kamfanonin Faransa da ke kogin, sannan a 1886 gwamnatin Ingila ta ba shi izinin mulki da sunan Royal Niger Company. Daga nan kamfani ya zama hukuma: yana da soja, da kotu, da kuɗin fito. Abin da Goldie ya kira tsari, 'yan kasuwar ƙasa sun san shi da sunan toshe hanyar abinci, shi ya sa mutanen Brass suka far wa ma'ajiyar kamfanin a Akassa a 1895.

Hujjar kamfanin a arewa takardu ne. A 1885 wakilinsa Joseph Thomson ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru da Sarkin Gwandu Maliki, bisa alkawarin biyan kuɗi duk shekara. Sarakunan sun ɗauki abin a matsayin izinin ciniki. A Turai kuwa an nuna shi a matsayin miƙa ƙasa.

Faransa ba ta yarda cewa ikon Gwandu ya kai Borgu ba, kuma tana neman tashar jirgin ruwa a Kwara. Garin Illo, da ke cikin Bagudo ta yau, na cikin wuraren da ido ya fi kai wa, domin a lokacin mashigi ne na ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja, ga kuma gishirin Fogha da ke bi ta nan. A 1894 Goldie ya tura wakilinsa Lugard zuwa Nikki a ƙasar Borgu don ƙulla yarjejeniya, ya riga Kyaftin Decoeur na Faransa isa da 'yan kwanaki. Faransawa ba su kula da takardarsa ba. A 1897 suka girke soja a Busa da Illo. Yarjejeniyar Faris ta 14 ga Yuni 1898 ta raba gardama: Nikki ta Faransa, Busa da Illo na Ingila, iyaka kuma ta taɓa kogin a mil 10 sama da Giris, tashar jiragen ruwan Illo. Da haka aka tsaga Borgu biyu, Dandawa da Fulani da Busawa suka wayi gari 'yan'uwansu na wata ƙasa.

A shekarar 1898 ɗin ce matar Goldie ta rasu. Ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnati ta karɓi mulki daga kamfanin, ta biya diyyar fam 865,000. Kamfanin ya ci gaba da saye da sayarwa, Lever Brothers suka saye shi a 1920, ya narke cikin kamfanin UAC a 1929. Goldie bai taɓa mayar da bakin Kwara gida ba, daga Landan ya fi gudanar da harkokinsa. Ya lalata takardunsa, ya hana 'ya'yansa taimaka wa duk mai son rubuta tarihinsa. Ya mutu a Landan a 1925.