Doka, Dashe da Ɗan Jagora

A kan hanyar Gadarif zuwa Gallabat, can wajen iyakar Habasha, akwai gari mai suna Doka, ƙasar dawa da riɗi. Hanyar ba baƙuwarmu ba ce, domin Takarir, mahajjatan yammacin Afirka, sun daɗe da yada zango a Gallabat, kuma har yau akwai Hausawa a yankin Gadarif. A can shabaka ake ce wa intanet da Larabci, wato taru, mu kuma a Kano muka ce yanar gizo. Masunci da gizo-gizo, kowa da abin da yake kamawa.

Sunan garin ne ya tuna mini da masu cewa "dokokin intanet" idan suna nufin tsare-tsaren W3C, ƙungiyar da Tim Berners-Lee ya kafa a 1994. Ita ƙungiyar shawara take kiran takardunta, kuma ba ta da ɗan doka ko ɗaya. Ni ƙa'ida na fi so, irin ta rubutun Hausa: ba a ɗaure wanda ya karya ta, sai dai a kasa karanta shi. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa naƙasassu, da suka fara fitowa a 1999, ba sa zama doka sai wata hukuma ta ɗora su a kan jama'arta, kamar yadda Tarayyar Turai ta yi wa shafukan gwamnatocinta a 2016.

Kalmar da ta fi ba ni wahala ita ce embed, saka bidiyo ko sauti ko wasa a cikin shafi. Kamfanin Netscape ne ya ƙirƙiro alamar, ta yi shekaru tana yawo ba lasisi, sai HTML5 ya halatta ta a 2014. Wasu sun ce cusawa. Ga zamanin Flash, tsohuwar fasahar kamfanin Adobe ta saka bidiyo da wasa a shafi, wallahi sun yi daidai. Cushe ne, kamar a tura tsumma a ramin bango: shafin bai san abin da ke cikinsa ba, sai mai karatu ya girka wata manhaja daban kafin ya gani, iPhone kuwa ba ta taɓa yarda da shi ba. Adobe ta sallame shi ranar 31 ga Disamba, 2020. Bidiyon yau kuwa dashe ne. Duk wanda ya taɓa cire dawa inda ta yi cunkoso ya dasa a gurbi bayan ruwa ya sauka, ya san bambancin: dashe yana kama ƙasa. Bidiyon da aka dasa yana amsa maɓallan kwamfuta ko ba linzami, yana kuma karɓar rubutun da ke bin magana a ƙasan hoto, don kurma.

Saura abin da wayoyi masu Larabci ke kira imkaniyyatul wusul, wato sauƙaƙa wa naƙasassu. Mu "samun dama" ake yawan rubutawa, kalma mai santsi da ba ta faɗi damar wa ba, balle wa ya toshe ta. Manhajar da ke karanta allo da murya, irin TalkBack ko NVDA, tana da suna tun kafin a haife ta: ɗan jagora. Makaho ya shafa yatsa a kan gilashi, ta faɗi kanun labari, ya sake shafawa, ta faɗi maɓalli. Amma ɗan jagoran nan shi ma ba ya gani, abin da mai shafin ya rubuta kawai yake faɗa. Idan an sa hoton farashin riɗi a kasuwar Gadarif ba a rubuta bayaninsa a gurbin alt ba, iyakarta ta ce hoto, ko ta karanto sunan fayil mai lambobi, ta wuce. Idan kuma ba a sa haruffa biyun nan, ha, masu shaida cewa shafin Hausa ne ba, sai ta karanta ƙosai da bakin Bature.