Yadda Aibin Na'ura Ya Zama Muryar Gitar

A wurin injiniyoyin rediyo na farkon ƙarni na 20, amfili nagari shi ne wanda yake karɓar ƙaramin sauti ya mayar da shi babba ba tare da ya sauya masa kama ba. Duk wani kaushi ko gurnani da ya ƙaru a hanya aibi suke ɗaukarsa, har suna auna shi don su rage shi. Sai ga shi a yau wannan aibin ne makaɗan gitar suke zuba kuɗi don su samu. Yadda aka yi abin ƙi ya zama abin so, tarihi ne da ya kamata masu kula da al'adu su sani.

A shekarar 1906 Lee de Forest ya ƙirƙiro, a Amurka, wani ƙwan gilashi mai ƙarafa uku a ciki, wanda daga baya aka gane yana iya ƙara wa raunanan sauti ƙarfi. Dattawan da suka yi zamani da tsofaffin rediyo, waɗanda sai sun ɗauki zafi suke fara magana, sun san wannan ƙwai. A 1932 kamfanin George Beauchamp da Adolph Rickenbacker ya soma sayar da gitar mai aiki da lantarki. Buƙatar a fili take: gitar ta katako ba a jin ta a tsakiyar ƙahoni da gangunan kiɗan jaz. Lokacin da Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, sauti mai tsabta yake nema, kamar yadda maƙeran suka nufa.

To amma kowane ƙwai yana da iyakar abin da yake iya ɗauka. Idan aka ɗura masa sauti fiye da ƙarfinsa, sai tsinin sautin ya lanƙwashe, wasu ƙananan muryoyi su tsiro a bisa ta asali, amon ya yi kauri kuma ya daɗe bai mutu ba. Ƙwan gilashi a hankali yake shiga wannan hali, gwargwadon yadda makaɗi ya taɓa tsirkiya. Shi kuwa tiranzisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947, yawanci farat ɗaya yake datse sautin, shi ya sa makaɗa da yawa suka ƙi rabuwa da ƙwai ko da rediyo da talabijin suka bar shi.

Baƙaƙen makaɗan bulus na Memfis da Shikago suna cikin waɗanda suka fara mayar da wannan kaushi ado. Amfilinsu ƙanana ne, wuraren wasansu cike da hayaniya, don haka sukan murɗe maɓallin ƙara har ƙarshe. A 1951, a ɗakin ɗaukar sauti na Sam Phillips da ke Memfis, Willie Kizart ya kaɗa gitar a waƙar "Rocket 88" da amfilin da lasifikarsa ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda aka ci gaba da aiki. A 1958 Link Wray ya huhhuda tasa lasifikar da gangan, a 1964 kuma Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya tsaga tasa da reza. Waɗannan lasifika suka ɓata, amma sun nuna wa maƙera abin da kunnen jama'a yake nema.

Daga nan muryoyi uku suka yi suna. Leo Fender, mai gyaran rediyo a Kalifoniya, ya fito da amfili masu faɗin ƙasa da hasken sama, manyansu da ƙwai samfurin 6L6, waɗanda suke jimawa kafin su dishe. A Ingila, inda kayan Amurka suke da tsada, Jim Marshall, malamin ganga mai kanti a Landan, ya kwaikwayi tsarin Fender Bassman a 1962. Sai dai ya sauya ƙwan farko, ya sa lasifikokin Celestion cikin rufaffen akwati, daga baya ya koma ga ƙwai samfurin EL34. Abin da ya fito murya ce mai ƙarfin tsakiya, mai saurin gurnani, wadda aka ji a faifan Eric Clapton da John Mayall na 1966, da kuma hannun Jimi Hendrix bayan ya iso Landan a wannan shekarar. Ta uku ita ce Vox AC30, mai ƙwai EL84 guda huɗu, mai amo kamar ƙararrawa, wadda Beatles suka yaɗa a duniya.

Saura matsala guda. Har wajen 1970, hanyar sa ƙwai ya yi gurnani ita ce a ƙure ƙarar amfili, alhali wasu sun kai wat 100, abin da ya raunana kunnen makaɗa da dama. A farkon shekarun 1970 Randall Smith, mai kamfanin Mesa/Boogie, ya jera ƙananan ƙwai, wannan yana ɗura wa wancan, ya ba su maɓalli daban. Carlos Santana yana cikin waɗanda suka fara amfani da na'urarsa. Marshall ma ya raba maɓallan a 1975. Tun daga nan makaɗi yana da linzami biyu: wanda aka rubuta wa "gain" yana ƙayyade yawan kaushi, ɗayan yana ƙayyade ƙara. Idan aka rage na farko aka ƙara na biyu, sauti yana bin yatsa, a taɓa a hankali ya fito fes, a doka ya yi gurnani. Idan aka cika na farko, amo yana daɗewa, amma taushi da ƙarfin hannu sukan zama ɗaya.

Wannan labari bai yi nisa da mu ba. Duk wanda ya lura da garaya ya ga guntun ƙarfe mai zobba da ake soka mata a kai don ta riƙa ziza. Makaɗanmu sun daɗe da sanin cewa sautin da ba ya ziza kamar miya ce ba gishiri. A littafinsa "Africa and the Blues" na 1999, masanin kiɗa Gerhard Kubik ya kwatanta bulus ɗin Misisipi da kiɗan wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru. Haka nan, da Bombino na Agadas ya fito da faifan "Nomad" a 2013, da Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya fito da "Afrique Victime" a 2021, gitar mai kaushi ce suka kai wa duniya, kuma kunnen mutanen gida bai ɗauke ta baƙuwa ba.

Saboda haka ƙungiyoyin da suke ɗaukar kiɗan gargajiya don adanawa su yi hattara. An riga an ga yadda kora ta Mandinka ta rabu da ƙarfenta mai ziza a hannun makaɗa da yawa na zamani. Idan mai na'ura ya nemi a cire wa garaya zobbanta wai don sauti ya yi tsabta, a tuna masa cewa injiniyoyin Amurka da Ingila sun yi shekaru suna yaƙi da irin wannan ziza, daga ƙarshe suka yi mata maɓalli nata na kanta.