Daga rumbun zakka zuwa layin tallafi: wa ke riƙe talakan Bauchi idan duniya ta yi zafi?

Ranar Lahadi 24 ga Maris, 2024, ana tsakiyar azumi, mata suka yi sammako zuwa titin Jos, inda wani attajiri ke rabon zakkarsa kamar yadda ya saba kowace shekara. Kafin rana ta take, an yi turereniya a bakin ƙofa. 'Yan sanda sun fara cewa mutum huɗu ne suka rasu, daga baya suka tabbatar da bakwai, mata da 'yan mata. Allah ya jiƙansu. Babu wanda ya fita da niyyar cutar da wani a ranar. Mai bayarwa farilla yake saukewa, masu karɓa kuma abin buɗa-baki suke nema. Amma duk wanda ya ga yawan taron nan ya san akwai tambayar da ta fi ƙarfin gida ɗaya: ina sauran hanyoyin da ya kamata su tare waɗannan mata kafin su kai ga wannan ƙofa?

Mu wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye. Kakanninmu fatauci, almajirci da aikin reluwe ne suka kawo su Bauchi daga Kano, Katsina, Zazzau da Haɗeja. Galibinmu ba mu da gonar gado a nan. Wanda ba shi da rumbu kuwa, kasuwa ce rumbunsa, in mudu ya tashi shi ne na farko da zai ji a jikinsa. Shi ya sa yana da kyau mu waiwaya mu ga yadda aka riƙa tallafa wa mabukaci a garin nan tun asali.

Lokacin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi wajen 1809, tsarin da ya zo da shi ya san da talaka. Zakkar hatsi ɗaya cikin goma ce ga noman damina, ta dukiya ɗaya cikin arba'in, kuma hukuma ce ke tarawa. Wani abin lura a gare mu shi ne, cikin mutum takwas da shari'a ta ba hakkin zakka har da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Wato baƙo yana da rabo, ba sai an tambaye shi takardar asalin gari ba. Ba mu ce zamanin ya zama aljanna ba. Akwai yaƙe-yaƙe, akwai bauta, akwai masu riƙe da dukiyar jama'a da suka ci amana. Sai dai mabukaci ya san ƙofar da zai buga: mai unguwa, liman, sannan fada.

A zango kuma akwai namu tsarin. Baƙo ya sauka gidan fatoma ko wani maigida ɗan garinsu, a ba shi ɗaki da tuwo har ya kama sana'a. In ya kwanta ciwo a yi masa karo-karo, in ya rasu a yi masa sutura. Mata na da adashi da biki, wanda kika kai wa yau ita za ta kawo miki gobe. Ba a rubuta komai, amma kowa ya san gidan da bai ɗora tukunya ba jiya.

Da Turawa suka ci Bauchi a 1902, sai aka narkar da zakka cikin haraji, aka bar jangali a kan shanu. Sunan Baitulmali bai ɓace ba, an liƙa shi ga ma'ajiyar En'e, amma aikinsa ya koma biyan albashi da tafiyar da mulki. Haraji kuma da kuɗi ake biya, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. An ga sakamakon haka a yunwar 1914, wadda Kanawa ke kira Kakalaba: mutane suka yi ta mutuwa a ƙasar Hausa, dubbai suka yi kudu neman abinci, agajin hukuma bai taka kara ya karya ba. A 1927 aka sake wata, 'Yar Buhu, mai sunan buhunan hatsin da aka riƙa shigowa da su. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin yaƙin Hitila, an kwashi majiya ƙarfi aikin tilas na haƙar kuza a Filato, gonaki suka rasa hannu. A wannan yanayi ne su Malam Sa'adu Zungur, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suka riƙa zaman muhawara a garin nan kan yadda En'e ke tafiyar da al'amuran talakawa.

Bayan 'yancin kai, abin da ya fi kama da tallafi shi ne aikin gwamnati da fansho, sai makaranta da asibiti masu sauƙin kuɗi. Farin 1973 ya ci dabbobi da amfanin gona, amma kuɗin man fetur ya ɗan rufa asiri. An ƙirƙiri Jihar Bauchi a 1976, ma'aikatu suka buɗe, kamfanin Steyr ya ɗauki ma'aikata, layin dogo na aiki. Duk ɗan albashi ɗaya yana ɗauke da gida biyu ko uku. Da tsarin SAP na Janar Babangida ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, aka rage ma'aikata, wannan igiya ta fara tsinkewa.

Daga nan ne aka shiga zamanin shirye-shirye masu suna. Better Life ta Maryam Babangida a 1987, Family Support ta Maryam Abacha, NAPEP ta Obasanjo a 2001 wadda ta bar mana sunan Keke Napep, SURE-P ta Jonathan a 2012. Kowanne ya taimaki wasu, wannan gaskiya ne. Amma galibinsu sun tafi tare da gwamnatin da ta kawo su.

Wanda ya fi kusa da tsari na dindindin shi ne na 2016, zamanin Buhari. N-Power ta riƙa biyan matasa masu digiri naira 30,000 a wata, aka riƙa ciyar da 'yan firamare, aka kuma ba ƙananan 'yan kasuwa rancen TraderMoni na naira 10,000. Sai kuma naira 5,000 a wata ga gidajen da suka fi talauci, wanda akan haɗa a biya 10,000 duk wata biyu. Bauchi na cikin jihohin farko da aka soma biya a farkon 2017, tare da Borno da Kwara, kuma daga baya aka zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su cikin shirin. Abin yabo a nan shi ne yadda aka tsara zaɓen gidaje: jama'ar gari su zauna su faɗi wane ne talaka a cikinsu, a shigar da shi rajistar ƙasa. Galibi mata ne ke karɓa. Mun san zawarawa da suka ja jari da wannan kuɗi, suka soma ƙosai ko kiwon akuya. Sai dai an fi karkata ga ƙauyuka, talakan birni mai zaman haya ya daɗe bai shiga lissafi ba.

Gwajin gaske ya zo ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, abinci ya bi ta. A Oktoba aka ƙaddamar da biyan naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, bisa zargin karkatar da kuɗi, aka kuma tsayar da shirye-shiryen tallafin domin bincike. A duba lissafin kwanakin: an rufe famfo a Janairu, azumi ya kama a Maris, mata suka mutu a layin zakka ranar 24. Lokacin da aka fi bukatar tsarin, lokacin ne ba ya nan.

To, in za mu auna da adalci, me muka gani? Na farko, tallafin gwamnati kyauta ce, ba hakki ba. Babu ofishin da magidancin da ya rasa aiki zai je ya ce ga halina, a duba, a ba shi amsa cikin kwana kaza. Ana zaɓarka ne, ba ka nema. Na biyu, kuɗin ba ya bin farashi. Naira 5,000 ta 2017 tana sayen lita 34 na mai. Naira 25,000 a ƙarshen 2024, da lita ta haura 1,000, ba ta kai lita 25 ba. Na uku, sharuɗɗan lambar NIN, BVN da asusun banki, duk da an kawo su don toshe sata, sukan tace tsohuwar da ba ta da waya. Mu kuma 'yan zango akwai ƙarin tambayar nan ta "ɗan wace ƙaramar hukuma ne kai?", ko da a nan aka binne kakanka. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Ko an biya gidaje miliyan 15 cif, da sauran rina a kaba.

A matakin jiha akwai Hukumar Shari'a, wadda aka kafa bayan dawo da shari'a a 2001 kuma zakka da waƙafi na cikin aikinta. Akwai BASOVCA ta marayu, akwai SEMA ta agajin gaggawa. Amma attajirai da yawa sun fi yarda su raba da hannunsu. Wannan ma magana ce da ya kamata hukumomin su yi wa kansu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba za mu daina neman hakkinmu wajen gwamnati ba, domin mu ma muna biyan haraji a kowace lita da kowane katin waya. Amma akwai abin da ba sai mun jira Abuja ba. Mai unguwa, limamai da shugabannin mata su zauna su rubuta gidajen marayu, zawarawa, tsofaffi da marasa lafiya, a riƙa sabuntawa kafin kowane azumi. Matasanmu masu ilimi su raka tsofaffi yin NIN da buɗe asusu, kada rajista ta zo ta wuce su. Mai zakka kuma ya karɓi jerin sunaye, a kai wa mutum har gida da dare, yadda iyayenmu ke yi, ba tare da an tara shi a rana ba. Matan nan bakwai suna da unguwanni, suna da maƙwabta da suka san halin da suke ciki. Allah ya gafarta musu, ya sa kada mu sake ganin irin wannan rana a Bauchi.