Saitin Modileta Mai Gyara Kansa: Yadda Ake Riƙe Haske a Mazauninsa Cikin Cif

Saitin modileta mai gyara kansa dabara ce ta injiniyoyin sadarwa, inda wata ƙaramar da'irar lantarki ke aiki ba dare ba rana domin riƙe na'urar da ke ɗora saƙo a kan haske a daidai inda aka tsara ta yi aiki. Ita wannan na'ura ana ce mata modileta. Tana bakin kowane dogon layin zaren gilashi, har da layukan ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1 na shekarar 2010 da Equiano na kamfanin Google na 2022. Modiletocin ba a ƙasan teku suke ba, suna cikin kayan aikin da ke tudu, inda saƙo ke shiga zaren. Aibinsu ɗaya ne sananne: ba sa zama inda aka ajiye su. Idan babu mai tsaronsu, sukan zame daga saiti sannu a hankali har saƙon ya cuɗe.

Abin da modileta ke yi

Lesa tana fitar da haske mai ɗorewa wanda ba ya ɗauke da wani labari. A gajerun layuka ana iya kunna ta a kashe ta kai-tsaye, amma yin hakan na gurɓata launin hasken, kuma gurɓataccen launi ba ya jure nisan tafiya. Shi ya sa a dogayen layuka ake barin lesa a kunne, a sa mata ƙofa a gaba mai buɗewa da rufewa sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Ƙofar da ta fi yaɗuwa ita ce samfurin Mach-Zehnder, mai ɗauke da sunan Ludwig Zehnder da Ludwig Mach, waɗanda suka bayyana tsarin a 1891 da 1892, tun duniya ba ta san lesa ba.

Hasken yana shiga ta hanya ɗaya, ya rabu biyu, kowane rabi ya bi nasa reshe, sa'annan su sake haɗuwa. Haske igiya ne mai tudu da kwari. Idan rabi biyun suka iso mahaɗa da taku ɗaya, tudu a kan tudu, sai su ƙarfafa juna, haske ya fita cikakke. Idan ɗaya ya makara da rabin taku, tudunsa ya faɗa cikin kwarin ɗan'uwansa, sai su kashe juna, mafita ta yi duhu. Wutar da aka ɗora a kan reshe ce ke jinkirta hasken da ke cikinsa ko ta gaggauta shi. Adadin bolt ɗin da ke kai mafita daga cikakken haske zuwa cikakken duhu shi ne abu na farko da ake tambaya game da kowace modileta, kuma injiniyoyi na rubuta shi Vπ. A tsofaffin modiletocin lu'ulu'un litiyam nayobet yakan kai bolt uku zuwa shida.

Wuta iri biyu ce ke shiga modileta. Ta farko ita ce saƙon kansa, mai sauyawa da tsananin sauri. Ta biyu tsayayya ce, ita ke zaɓa wa modileta mazaunin da saƙon zai riƙa kai-komo a gefensa. Wannan ta biyun ita ce wutar saiti, kuma mazaunai uku ake nema da ita. Akwai ƙololuwa, inda haske ya fi yawa. Akwai ƙasan duhu, inda ake zaunar da modiletocin sadarwar zamani da masu yanka haske zuwa gajerun walƙiya. Akwai kuma tsakiyar gangare, inda rabin haske ke fita. Nan ne mazaunin tsohon tsarin kunnawa da kashewa, da na layukan da ke ɗaukar siginar rediyo ko talabijin a kan haske, domin a nan ne hasken ke bin wutar sau da ƙafa ba tare da murɗe ta ba.

Dalilin zamewa

Tazarar da ake magana a kanta ƙarama ce ƙwarai. A hasken nanomita 1550 da ake amfani da shi a dogayen layuka, rabin taku cikin hanyar silikon bai wuce sulusin maikiromita ba, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari biyu na kaurin silin gashi. Duk abin da ya taɓa reshe ɗaya fiye da ɗayan, komai ƙanƙantarsa, ya sauya saiti.

A litiyam nayobet, babban abokin gaba yana cikin gida. Wutar saitin da aka ɗora tana jan ƙwayoyin caji a cikin lu'ulu'un da kuma siririn shimfiɗin da ke tsakaninsa da ƙarfen da ke kai wutar. Cajin kan taru a hankali, ya tare wani ɓangare na wutar da ta jawo shi, sai a buƙaci ƙarin bolt don samun abin da aka samu jiya. Wannan zamewa tana iya ɗaukar mintoci, tana iya ɗaukar shekaru, kuma zafi yana ƙara mata sauri. Bugu da ƙari, lu'ulu'un yana haifar da caji da kansa duk lokacin da zafinsa ya sauya, hasken da ke ratsa shi ma yana iya motsa caji idan ya yi ƙarfi.

Silikon ba shi da wannan cuta, amma yana da tasa: jin zafi. Ma'aunin jinkirin haske a cikinsa yana sauyawa da kusan 0.00018 a kowane digiri ɗaya, adadi mai kama da ba komai ba, wanda kuma ya isa ya ture saiti idan zafin rassan biyu ya bambanta. Sai kuma kuskuren ƙira. Hanyar haske a cif ɗin silikon takan yi kaurin nanomita 220 da faɗin kusan 500, kuma babu masana'antar da ke iya fitar da rassa biyu daidai wa daida har zuwa nanomita ta ƙarshe. Saboda haka modiletoci biyu da aka yanka daga faifai ɗaya ba sa farkawa a mazauni ɗaya. Kowace sai an nemo mata nata tun ranar farko, kafin ma a yi batun zamewa.

Yadda ake gyarawa

Duk wanda ya saba sauraron tasha a gajeren zango da tsohuwar rediyo ya san dabarar a hannunsa. Idan murya ta fara dusashewa, yakan murɗa maɓalli kaɗan zuwa dama, kaɗan zuwa hagu, ya ji ta ina ta fi fitowa, ya bi can. Haka da'irar saiti ke yi, sai dai ita ba ta gajiya. Ana gutsurar kashi kaɗan cikin ɗari na hasken mafita a kai shi ga wani ɗan idon lantarki mai mayar da haske wuta. Sa'annan a ɗora wa wutar saiti wata 'yar girgiza mai rauni, galibi kusan sau dubu a daƙiƙa, wadda ta yi ƙasa ƙwarai da saurin saƙo har mai karɓa ba ya lura da ita. Abin da ya rage shi ne sauraron yadda hasken ke amsa girgizar.

Amsar tana faɗin komai. A ƙasan duhu, ko an matsa dama ko an matsa hagu, haske ƙaruwa yake yi. Don haka a zagaye ɗaya na girgiza hasken yana tashi sau biyu: amsa a kan ainihin saurin girgizar ta ɓace, sai ninkinsa ya bayyana. Da zarar modileta ta zame gefe, ainihin saurin ya dawo, kuma ko yana tafiya tare da girgizar ko yana saɓa mata, shi ke nuna gefen da aka zame. A tsakiyar gangare lamarin juyawa yake yi: ainihin saurin ya fi ƙarfi, ninkin ne ke ɓacewa. Aikin da'irar a taƙaice shi ne ta zaɓi sautin da ya kamata ya yi shiru, ta riƙa tura wutar saiti har ya yi shirun.

Akwai tarko biyu a nan. Ƙololuwa da ƙasan duhu duk suna kashe ainihin saurin, don haka sai da'irar ta duba yawan haske ko alamar ninkin kafin ta tabbatar inda take. Gangare kuma biyu ne, mai hawa da mai sauka, kuma wanda ya zauna a kan kishiyar abin da ake so ya mayar da kowane sifili ɗaya, kowane ɗaya sifili. Matsala ta uku ta fi su tsanani. Idan zamewa ta ci gaba ta fuska ɗaya tsawon shekaru, da'irar takan bi ta har ta kai iyakar bolt ɗin da take iya bayarwa. Daga nan babu mafita sai tsalle baya da Vπ biyu zuwa mazauni makamancin na farko, kuma a lokacin tsallen saƙo yankewa yake yi. Wannan ne ya sa masu ƙera modileta ke gasa su cikin zafi na dogon lokaci a ɗakin gwaji, don a ƙiyasta ko wutar saiti za ta isa tsawon rayuwar na'urar.

Girgizar ma ba kyauta ba ce. Komai rauninta, tana ɗan ɓata saƙo, kuma a ayyukan da ke buƙatar duhu na haƙiƙa tsakanin walƙiya da walƙiya, kamar musayar mabuɗan sirri da ƙwayoyin haske ɗaiɗai, ɗan hasken da take zubarwa illa ne. Don haka akwai hanyoyin da ba sa girgiza komai, suna kwatanta hasken shiga da na fita ne kawai. Sun fi tsabta, amma sun fi saurin ruɗuwa idan ƙarfin lesa ya sauya ko idon lantarki ya tsufa.

Saiti shida a na'ura ɗaya

Tun wajen 2010, da layukan gigabit 100 suka fara yaɗuwa, manyan hanyoyin sadarwa suka koma ɗora saƙo a kan takun igiya da ƙarfinta a lokaci guda. Wannan na buƙatar ƙananan modiletoci biyu a cikin wata babba: kowace ƙarama a ƙasan duhu, babbar kuma ta riƙe rubu'in taku cif a tsakaninsu. Saiti uku ke nan. Da yake ana aika saƙo biyu a fuskokin kaɗawar haske guda biyu, adadin ya zama shida, kuma taɓa ɗaya yana shafar amsar sauran. Dabarar da aka saba ita ce a bai wa kowace ƙaramar modileta girgiza mai nata saurin, sa'annan a saurari sautin da cakuɗuwarsu ke haifarwa, wato jimlar saurin biyun ko bambancinsu. Idan wannan sauti ya yi shiru, rubu'in takun ya daidaita.

Ƙa'idar 400ZR da ƙungiyar OIF ta fitar a 2020 ta cusa duk wannan cikin ɗan akwati da ake sokawa a gaban na'ura, mai aika gigabit 400 a daƙiƙa da alamomi iri 16 a kowace fuska. Gwargwadon yawan alamomin, gwargwadon kusancinsu da juna, kuma ɗan karkacewar saitin da tsohon tsari ke yafewa ya isa ya sa mai karɓa ya ɗauki wata alama a matsayin maƙwabciyarta.

Da aka koma cikin cif

Richard Soref da Brian Bennett sun auna a 1987 yadda yawan caji ke sauya tafiyar haske a silikon. Kamfanin Intel ya nuna modiletar silikon mai saurin gigahaz a 2004, sai rukunin Michal Lipson na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya nuna mai siffar zobe a 2005. A irin waɗannan cif, ba da bolt ake yin saiti ba galibi, da zafi ake yi: ɗan siririn ƙarfe a saman reshe, tamkar hita, mai cin kusan miliwat ashirin kafin ya jinkirta haske da rabin taku. Hatta sababbin modiletocin siririn litiyam nayobet, irin wadda rukunin Marko Lončar na Jami'ar Harvard ya bayyana a 2018 mai aiki da bolt 1.4, sau da yawa da hita ake saita su, don a kauce wa zamewar caji.

Miliwat ashirin ba komai ba ne ga modileta ɗaya. Idan suka kai ɗaruruwa a cif guda, lissafi ya sauya, kuma zafi ba ya tsayawa inda aka haife shi. Hitar wannan tana ɗumama maƙwabciyarta, da'irar waccan ta gyara, gyaranta ya dawo ya taɓa ta farko. Ana rage wannan ta hanyar haƙa ramuka a gefen hitar ko rarake silikon da ke ƙarƙashinta, abin da ke rage cin wuta sosai amma ya sa hitar ta yi nawa wajen amsawa. Kowane idon lantarki kuma yana cin rabonsa na haske da fili da waya. Masu bincike a jami'ar Politecnico di Milano ta Italiya sun fito da wani ma'auni mai suna CLIPP, wanda ke gane yawan hasken da ke cikin hanya ta auna sauyin da yake jawo wa gudanar wuta a jikinta, ba tare da gutsurar hasken ba.

Modiletar zobe ta fi kowace buƙatar tsaro. Faɗinta 'yan maikiromita ne, ba ta cin wuta sosai, amma launi ɗaya tak take amsawa, kuma wannan launi yana gusawa da kusan gigahaz goma a kowane digiri ɗaya na zafi. Digiri biyu ko uku sun isa su raba ta da lesarta. Hasken da ke zagaye cikinta ma yana ɗumama ta, har yawan ɗaya da sifili a saƙon da take aikawa yana shafar zafinta. Duk da haka ita kamfanin Nvidia ya zaɓa a na'urorin rarraba bayanai da ya sanar a watan Maris na 2025, inda ake ajiye cif ɗin haske dab da cif ɗin lissafi mai zafi, wanda zafinsa ke hawa da sauka gwargwadon aikin da aka ba shi. A irin wannan wuri kowane zobe yana da hitarsa da ma'auninsa da zagayen gyaransa, kuma ana zana da'irar saitin ne tare da modiletar tun daga takardar farko.