Tarihin Shigar Ilimin Zamantakewa Cikin Manhajar Kwalejojin Amurka

Gabatarwa

A wannan sashe za mu waiwayi yadda ilimin zamantakewa, wato Soshiyoloji, ya sami gurbi a manhajar kwalejojin ilimi mai faɗi na ƙasar Amurka. Irin wannan kwaleji ƙarama ce, ana shekara huɗu a cikinta, kuma ɗalibi kan ɗanɗani fannoni da dama kafin ya zaɓi wanda zai zurfafa a kai. Tsarin ya samo asali ne daga fannoni bakwai na tsohuwar Turai: nahawu da balaga da manɗiƙi da lissafi da handasa da kiɗa da ilimin taurari.

Daga Falsafar Ɗa'a zuwa Sabon Fanni

A yawancin ƙarni na 19 kwalejojin Amurka sun fi ba da ƙarfi ga Latin da Girkanci da lissafi. Batutuwan da suka shafi iyali da mulki da dukiya kuwa an cusa su ne cikin darasi guda, Falsafar Ɗa'a, wanda shugaban kwaleji da kansa yake koya wa ɗaliban shekarar ƙarshe. Daga wannan darasi ne fannonin tattalin arziki da kimiyyar siyasa da zamantakewa suka rarrabu.

Auguste Comte na Faransa ne ya yayata sunan fannin a ƙarshen shekarun 1830, amma sai wajen 1875 William Graham Sumner ya fara koyar da shi a Yale. Shigarsa ba ta zo da sauƙi ba. A 1879 shugaban makarantar, Noah Porter, ya nuna rashin amincewa da littafin Herbert Spencer da Sumner yake amfani da shi, don yana ganin zai raunana imanin ɗalibai. Takaddamar ta zama ɗaya daga cikin muhawarorin farko kan 'yancin malami wajen zaɓen littafin koyarwa.

Albion Small ya koyar da fannin a Kwalejin Colby da ke jihar Maine, wadda ya shugabanta daga 1889 zuwa 1892. Daga nan ya koma Jami'ar Chicago, ya kafa sashen fannin a 1892, sannan ya fara fitar da mujallarsa a 1895. Ashe ke nan ƙaramar kwaleji ce ta reni abin da babbar jami'a ta shahara da shi.

Koyo ta Hanyar Bincike

W.E.B. Du Bois ya koyar a Jami'ar Atlanta, makarantar baƙar fata a jihar Jojiya, daga 1897 zuwa 1910. Ya sa ɗalibansa tattara bayanai kan sana'o'i da karatu da lafiya da iyalan baƙar fata, ana buga sakamakon kusan duk shekara. A 1900 aka baje jadawalolin da shi da ɗalibansa suka zana a bikin baje koli na duniya a birnin Paris. A nan ɗalibi ya tashi daga mai haddace ra'ayin masana ya zama mai nemo hujja da kansa.

Alaƙa da Nijeriya

Nnamdi Azikiwe ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Lincoln ta jihar Pennsylvania a 1930. Da aka buɗe Jami'ar Nijeriya a Nsukka a 1960, da tallafin Jami'ar Jihar Michigan, sai aka wajabta wa kowane ɗalibi darussan ilimin bai-ɗaya, har da na zamantakewa. Daga baya tsarin ya bazu zuwa sauran jami'o'inmu.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa fanni ba ya kafuwa a manhaja sai ya sami malami da littafi da hanyar bincike. Mu da muke tsara manhajar Hausa, wajibi ne mu daidaita kalmomin fannin, mu samar da littattafai cikin harshen, mu kuma tura ɗalibai kasuwa da unguwa da gidajen sana'a su yi tambaya su rubuta rahoto da Hausa. In ba haka ba, ɗalibi zai fita da ma'anonin da ya haddace, alhali bai san al'ummar da yake zaune cikinta ba.